Hular Yaji

"Baba, cire hular," in ji likita.

Yaji dillalin shanu ya dafe ta da hannu biyu. Malam Kashim, maƙwabcinsa da ya jawo shi asibiti da ƙyar, ya yi tsaki. "Cire mana. Ba rawanin sarauta ba ne."

Tun damina ciwon kai ke cin Yaji. An yi ƙaho, an sha rubutu, an yi hayaƙi har kajin gidan suka ƙaura. Da magani ya ƙare, dangi suka koma kan matarsa Kellu. Yayarsa Murjanatu ta taso daga Fika ta ce sammu ne a tuwo, ta hana kowa cin girkin Kellu, ana shirin a kore ta. Malam Kashim ya san halin mutane. Ranar da tasa matar ta rasu, sai da aka nemo mayya kafin a nemo likkafani.

Hula ta sauka. Likita ya laluba bayan kunne, yatsansa ya nutse.

"Me ya buge ka nan?"

Yaji ya dubi ƙasa. "Bijimi ne, a kasuwar shanu. Ba wanda ya gani. Da furfurata, a ce sa ya kayar da ni?"

Hoto ya nuna ƙashi ya tsage. Likita ya ce jini ne ya kwanta a ciki, sai babban asibitin Maiduguri, kuma yau.

"Gida tukuna," in ji Yaji.

A tsakar gidansa a unguwar Bolewa ya sa aka tara dangi, har da Malam Kashim. Ya tuɓe hula, ya kamo hannun Murjanatu ya ɗora a wurin.

"Yaya, taɓa. Ga mai sammun. Ƙaho biyu gare shi, kuma tuni aka kai shi kudu, mutanen Ikko suka cinye shi." Ya ɗaga murya. "Kellu! Kawo min tuwo."

Ya ci a gabansu, ya siɗe yatsu, ya ce a ƙara miya.

Bai kai Maiduguri ba. An wuce Damaturu kaɗan ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Malam Kashim na jingine da katangarsa sai ya jiyo Murjanatu, murya ƙasa-ƙasa.

"Kellu, da sauran miyar nan taki?"

Sai ƙarar ludayi a gindin tukunya.