Gammon Inna

"Sauke bokitin nan, Inna!" Mai kitso ta daka tsawa daga ƙasan bene. "Wallahi ki sauke, ko in tona!"

Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar matattakala, ruwa na zuba mata a wuya. "Rufa mini asiri, 'yar nan. Famfo ya ɗauke, surukata na wajen aiki. In ce musu me, ita da ɗana?"

Ai sai ta faɗa musu gaskiya mana! Shekara da shekaru Inna na fama da fitar baya, ko tari ta yi sai hanji ya leƙo, ta shiga banɗaki ta mayar da shi da tsumma. Maƙwabciyarta Mai kitso kaɗai ta sani, ita ma sai da Inna ta sa ta rantse. Ita ta kai ta asibiti aka yi aikin, aka ɗinke hanjin a mazauninsa, ɗanta direba kuwa aka ce masa ta tafi duba ƙanwarta. Aiki ya yi kyau. Likita ta ja kunne: ban da yunƙuri, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, har ɗinki ya kama.

Abin da ya fi ƙona wa Mai kitso rai shi ne abin da ke ƙarƙashin bokitin. Matashi ne mai rami a tsaka, da hannunta ta ɗinka shi don Inna ta samu ta zauna. Surukar ta tambayi na mene ne, Inna ta ce gammo ne. To, mai gammo ai sai ta ɗauki kaya.

"Kunya za ta kashe ki, Inna."

"Da ɗana ya ji inda aka yanka ni, gara hakan."

Ta ƙarasa hawa. Kwana kaɗan zazzaɓi ya rufe ta, ciki ya kumbura. Direba ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, yana cewa jikin tsufa ne. Mai kitso ta haɗiye maganar, ta sake haɗiyewa, ta ga ba za ta iya ba. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai wane irin ɗa ne? Uwarka ta shekara tana cin abinci a tsaye, ba ka taɓa tambaya ba! Tiyata aka yi mata. Ɗauko mota!"

Ya ruga ya ɗauko mota. A asibiti aka ce ɗinkin ya ɓalle, ƙazanta ta bi ciki, an makara. Inna ba ta kai washegari ba.

Masu gaisuwa suka cika falo suna yabon kunyarta. Mai kitso ta miƙe fuu, ta fita kafin bakinta ya suɓuce. A matattakala ta tarar da matashin, wani ya tokare ƙofa da shi don iska ta shiga. Ta zare shi, ta kakkaɓe, ta zauna a kai.