Surukar Malam Ƙa'ida

Tun da aka ɗauki Malam Ƙa'ida aiki a makarantar nan, shi ke riƙe da ajin zurfafa kimiyya, wato rukunin 'yan ajin ƙarshe da aka tsamo saboda kansu ya fi ja a fiziks. Yana ji da ajin nan fiye da yadda yake ji da babur ɗinsa, kuma wanda ya san Malam da babur ya san ba ƙaramar magana na yi ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya rufe zance sai da "ƙa'ida ce." Ko alli ya faɗi daga hannunsa, sai ya dubi aji ya ce ƙa'ida ce ta jawo shi ƙasa.

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugabar makaranta, mace mai fara'a da jan biro. Ba ta yi wata guda ba ta ce kowane malami ya rubuto manufofin darasinsa na shekara, wato abin da ɗalibi zai iya idan an gama. Malam Ƙa'ida ya zauna ya tsara nasa tsaf: ɗalibi zai san dokokin motsi, zai fahimci yadda zafi ke tafiya, zai gane cewa makamashi ba ya ƙaruwa don kansa, sai dai ya sauya kama. Ya kai ofis yana jiran yabo.

Shugaba ta karanta tana murmushi, jan biro yana aiki.

"Malam, 'zai sani', 'zai fahimta', 'zai gane'. Ni ta ina zan leƙa cikin kan yaro in ga fahimta? Ina son abin da ido zai gani. Ɗalibi zai yi kaza, in tsaya in kalla, in ce ya yi ko bai yi ba."

Sannan ta ƙara, cikin murya mai laushi, cewa sabon malamin nan da ke koyarwa da kwamfuta ya kawo nasa manufofin, kowace da ma'auninta, kuma ya nuna sha'awar ajin zurfafawa. Idan Malam yana ganin tsarin ya yi masa nauyi, ai ƙananan azuzuwa ma suna bukatar gogaggen hannu.

Ran Malam ya ɓaci, kuma ɓacin rai ne ya buɗe masa baki.

"Ranki ya daɗe, ni a ajina ana ganin fahimta da ido. Ina da abin auna ta a rataye."

Gaskiya ya faɗa. A tsakiyar ɗakin gwaje-gwaje akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya kai kan jariri girma, an rataye shi da sarƙa daga ƙarfen rufi. Kowace shekara Malam yakan jingina ɗalibi da bango, ya jawo dunƙulen har ya taɓa masa hanci, ya sake shi. Ƙarfen ya tafi can ƙarshen ɗaki, ya juyo da gudu kamar ya zo karɓar rai, ya tsaya daf da hancin yaro, ya koma. Ba zai taɓa wuce inda aka sake shi ba, muddin ba a tura shi ba. Malam ya zayyana wa Shugaba duk wannan, ya ce ta rubuta: ɗalibin da ya gane dokar makamashi zai tsaya ƙyam, ba zai kauce ba.

"Yauwa," in ji Shugaba. "Wannan ita ce manufa. Jibi zan zo in gani. In na gamsu, aji naka ne."

Abin da Malam bai faɗa ba shi ne, duk shekarun nan shi bai taɓa tsayawa gaban ƙarfen ba. Lissafin yana kansa daram, ko cikin barci aka tashe shi zai rubuta shi. Gwiwoyinsa ne ba su yi makaranta ba. Duk ranar gwajin, da ya saki ƙarfen sai ya ja gefe ya shiga goge tabarau. Shi a tunaninsa ba wanda ya lura. Bai san cewa ɗalibai sun daɗe da sa wa dunƙulen suna Suruka ba, wai don Malam yana girmama ta ƙwarai amma ba ya haɗa ido da ita.

Washegari Shugaba ta biyo ta ɗakin don ta ga abin da za a gwada, Malam yana cikin zaɓen wanda zai tsaya. A layin gaba akwai wata yarinya da ake kira Meyasa, don ba a taɓa gama bayani ba ta ɗaga hannu ta ce "me ya sa" ba. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ita ce kuma ta fi kowa neman magana. Ta ɗaga hannu, fuskar nan kamar ta Allah.

"Malama, ina da tambaya. An ce wanda ya gane dokar ba zai kauce ba ko?"

"Haka malaminku ya ce."

"To ai duk makarantar nan ba wanda ya kai Malam gane ta. Me ya sa ba zai fara nuna mana yadda ake tsayuwar ba, mu kuma mu kwaikwaya?"

'Yan aji suka shiga danne dariya. Malam ya buɗe baki zai ce ai dole wani ya tsaya gefe yana bayani, amma Shugaba ta riga shi.

"Kin yi tunani, 'yata. Malam, gobe kai za ka buɗe mana fili."

Ashe wanzami ba ya son jarfa. Malam ya ce to, da wata murya da shi kansa bai gane ta ba. Ya dubi Meyasa, ita kuwa ta sunkuya tana feƙe fensir da natsuwa.

Da la'asar ya koma gida, ko abinci bai nema ba. Ya cika bokiti da yashi, ya ɗaura masa igiyar shanya, ya rataye a ƙarfen baranda, ya jingina da bango. Matarsa tela ce, tana zaune a kan keken ɗinki a ƙofar ɗaki, ta dakatar da ƙafa tana kallon ikon Allah. Malam ya kawo bokiti hancinsa, ya saki. Bokiti ya je ya juyo, kafin ya iso rabin hanya Malam ya riga ya tsuguna. Ya miƙe ya sake, ya sake tsugunawa. A karo na gaba har da rufe kai da hannu.

"Baban yara, lafiya? Ko bokitin ya yi maka wani laifi ne?"

Ya yi mata bayani a taƙaice, yana haɗe rai don kada ta samu fuska. Ta samu. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da kake tsayar da 'ya'yan mutane! Allah ya jiƙan maza. Kawo in sakar maka, wataƙila hannunka ne ke tsorata ka."

Ya yarda, don ba shi da wata dabara. Ya manne ƙeya da bango, ya rantse a ransa ko sama za ta haɗu da ƙasa ba zai motsa ba. Matar ta kawo bokiti daidai hancinsa. Da za ta saki, sai ta ga ai abin zai yi sanyin tafiya, ta ɗan raka shi da hannu, yadda take raka lilon yara. Bokiti ya tafi da karsashi, ya dawo da wanda ya fi shi. Malam kuwa, karo na farko a rayuwarsa, ya cika alkawari bai kauce ba. Ƙarar da aka ji har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko tukunya ce ta faɗi.

"Tura shi kika yi!" in ji Malam daga ƙasa, hannu a goshi, yashi a baki. "Sharaɗin kenan guda ɗaya tak, kada a tura!"

"To ai ba ka ce ba. Kuma ɗan taimako na yi masa."

Tana danna masa tsumma mai sanyi tana cije leɓe. Shi kuwa ban da zugin goshi, wani sabon tsoro ya same shi. Gobe shi zai saki ƙarfen da kansa, kuma hannun da ke rawa yana iya turawa ba da niyya ba. Wancan kuma ba bokiti ba ne.

"Ka ce ba ka da lafiya mana," in ji matar, da ta ga abin ya wuce wasa.

"In kwanta a gida, a miƙa wa yaron nan mai kwamfuta ajina? Ya riƙa nuna musu lilo a hoto?" Ya girgiza kai, goshin ya tuna masa, ya daina. Tsoro yake ji sosai, amma tunanin wani a gaban allonsa ya fi tsoron ciwo.

Da safe ya jawo hula har kan gira ya tafi. Ɗakin gwaje-gwaje ya cika, don labari ya zaga. 'Yan ƙananan azuzuwa sun maƙale a tagogi, sabon malamin ya zo da wayarsa a hannu wai zai ɗauka don tarihi. Shugaba ta zauna a kujerar da aka goge mata. Meyasa ta dubi hular, ta dubi abin da ya kumbura a ƙarƙashinta.

"Malam, me ya sa..."

"Ƙofa ce," in ji shi.

Ya yi bayanin dokar, ya ja shi iyakar ja. Ya kawo misalin lilo, ya kawo na dutse a kan tudu, har ya fara shiga darasin zangon da ya wuce. Shugaba ta dubi agogo ta yi gyaran murya. Ba sauran wurin ɓuya. Ya cire tabarau ya ajiye, ya jingina da bango, ya rungumo Suruka da hannu biyu har sanyin ƙarfen ya taɓa masa hanci. Ya karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Sannan ya buɗe yatsunsa a hankali, bai tura ba, bai ja ba.

Ƙarfe ya tafi. Sarƙa tana ƙara a rufi. Ya kai ƙarshen ɗaki, ya ɗan yi jim, ya juyo. Malam ya ba gwiwoyinsa umarnin su tsuguna, don ya fasa, a kai ajin kasuwa. Gwiwoyi suka ƙi. Ya ce wa wuya ya kauce, wuya ya sandare. Ko idon ma ya kasa rufewa. Tsoro ya kafe shi a bangon nan kamar ƙusa. Yana kallo dunƙulen ya cika masa duniya, ya ji iskarsa a gashin baki, ya tsaya saura ƙiris, ya koma abinsa.

Ɗaki ya ɗauki tafi da ihu. Wani daga taga ya ce ko ƙiftawa Malam bai yi ba. Sabon malamin ya sauke waya a sanyaye. Malam dai yana nan jingine, ana tsammanin yanga ce, alhali jira yake ƙafafunsa su dawo daga inda suka je.

Shugaba ta miƙe tana tafi ita ma.

"Gani ya kori ji. Malam, aji naka ne, babu ja."

Daɗi ya ratsa shi har ya ji ƙwalla. Ya samu ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, "Ƙa'ida ce, ranki ya daɗe."

"Abu ɗaya zan gyara a manufar," in ji ta, tana zare murfin biro. "Na lura tsayuwarka ce ta cire wa yaran nan tsoro. Saboda haka kowane ɗalibi, kafin a auna shi, kai za ka fara tsayawa ya gani, sannan shi ya tsaya. Ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya samu haƙƙinsa. Mu fara yanzu, tunda ina nan."

Kujeru suka yi ƙara. Kafin Malam ya haɗiye yawu, layi ya miƙe daga gabansa, ya zaga bayan teburan gwaji, ya kai bakin ƙofa. Har wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya shiga. Meyasa ce a gaba. Ta tare ƙarfen da ke ta lilo, ta jawo shi da ƙyar, ta miƙa masa da ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Malam, ni ce ta farko. Amma ɗazu hannun wani ya kare ni, ban gani da kyau ba. In ba damuwa, nawa a yi sau biyu."