Ƙofofin da Suka Ƙi Barin Gaisuwa

Jiya bayan azahar Injiniya Kubura ta yi wani mafarki, a zaune, goshinta a kan tebur. Ta daɗe tana fama da zanen wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar lantarki, irin ta cikin waya, mai cin wuta kaɗan, wadda za a sa a na'urar ji. Wadda ke kunnen babanta kullum kafin la'asar batirinta ya mutu, tsoho ya koma kallon leɓɓan mutane.

Sai ga ta a cikin ƙwayar. Gari ne guda, faɗinsa bai kai farce ba, babu gidaje sai ƙofofi zalla. Aikin kowace ƙofa ta buɗe wuta ta wuce, ko ta rufe. Wadda ba ta da aiki kuwa, a zanen Kubura, barci aka ce ta yi.

Ba wadda ke barci. Kowace ta ɗan sassauta tana leƙen maƙwabciya.

"Ina wuni? Ina gajiya? Ya yara? Ya mai jiki?"

Duk gaisuwa ɗaya sai wuta ta ɗiga, ta yi sama kamar hayaƙi.

A ofishin batiri wani bunsuru mai tabarau ne shugaba, yana cin taswirar garin a natse.

"Ranki ya daɗe, yoyon nan duk daga 'ina gajiya' yake," in ji shi.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, da ma Kubura ba gwanar doguwar gaisuwa ba ce. Ta ce a hana. Aka yi shela, gari ya yi tsit, batiri ya ƙoshi har ya aje tumbi. Daɗi ya kama ta.

Sai wata tsohuwar ƙofa, ta can bakin kunne, ta yi gyaran murya.

"'Yar nan, wutar da muka tara, me tsohon zai ji da ita?"

"Magana mana, Iya."

"To, muna jira. Abin da ke biyowa ta nan daga wajenki bai wuce 'Baba, ina aiki, zan kira' ba. Shi ya sa muke gaida juna, kada shirun ya yi masa yawa."

Kunya ta rufe Kubura. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai ƙarar waya ta fito.

Ta farka, ashe wayarta ce ke ruri a kan tebur, Baba ke kira. Ta ɗauka ta jero masa gaisuwa, tun daga wuni har tumakinsa, ba ta tsallake komai ba.

"Kubura ce?" in ji shi. "Yi haƙuri, uwata, abin kunnen ya mutu tun ɗazu, ba na jin ki. Na san kina aiki. Da ma gaishe ki kawai zan yi."