Kwamfuta Ba Ta San Aro Ba

A shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori, duk Birnin Tudu babu wanda ya kai Ummaru Nagode yabon kwamfuta, alhali ko a mafarki bai taɓa ganinta ba. Labarinta kawai ya ji kamar kowa: wai wani kamfanin Turawa ne ya kawo ta, aka ajiye ta can Kaduna a wani ɗaki mai sanyi, kuma ita za ta riƙe sunan kowane manomi da faɗin gonarsa. In an gama baje ƙasa an ja hanyoyin ruwa, ita ce za ta mayar wa kowa da rabonsa.

Duk ranar Talata, in ya sayar da albasarsa a kasuwar Mafara, sai ya zarce rumfar Bube mai gyaran rediyo, inda ake taruwa a sha gardama. Shi Bube tunda yana buɗe cikin rediyo, gani yake babu injin da ya fi ƙarfin saninsa, don haka shi ke buɗe taro.

"Ni abin da ad dame ni," in ji Bube, "inji a kunna mai sanyi dare da rana, mu muna nan muna gasuwa. An ce ma sai ka tuɓe takalmi kahin ka shiga wurinta, awa masallaci."

"Ku bar ta ta sha sanyinta," in ji Ummaru. "Ba ta da suruki, ba ta da ɗan ɗaki, ba ta cin goro. Ku nuna min mutum guda cikin masu rabon gona da za a hwaɗi hakanan a kainai."

Yana da dalilinsa. Tun yana saurayi aka taɓa yanke wa mahaifinsa gefen gona aka ba surukin wani mai faɗa a ji, kuma har tsohon ya rasu bai daina kallon wannan gefen ba. Tun daga nan Ummaru ya yanke ƙauna da rabon ɗan Adam.

Malam Abdulwahabu, wanda ke karantar da magidanta bayan la'asar, ba ya ɗaga murya, amma ba ya barin magana ta wuce. Ya ce, "Ummaru, abin da anka zuba mata shi za ta amayar. Kuma masu kamfanin ga baƙi na, ran da sunka gama za su naɗe kayansu su tahi. In ta yi maka ba daidai ba, gun wa za ka kai ƙara?"

"Ba ta yi, Malam. Jirgi ya bi ta sama ya ɗauki hoton kowace gona. Har tsamiyar babana tana cikin kanta."

Aka yi dariya, Bube ya ce to Allah ya sa ta san tsamiya daga ɗorawa.

Ummaru yana da amini, Jibo, mutumin wani ƙauye a ƙasar Maradun. Tun suna samari suke fataucin albasa tare, jaki ɗaya suka fara da shi, kuma ɗan Jibo na biyu sunan Ummaru aka sa masa. Ƙauyen su Jibo na cikin waɗanda ruwan dam zai ci. Da aka tashe su, aka nuna musu wani tudu mai tsakuwa aka ce nan ne gonakinsu. Jibo ya shuka gero, geron ya fito kamar gashin jariri, ya tsaya nan. Ga shi da baki goma sha ɗaya a gida.

Ummaru bai jira an roƙe shi ba. Ya hau keke har Maradun, ya ce wa Jibo ya zo ya noma fadamarsa bana da baɗi, shi zai yi maneji da 'yar gonar tudu. Aro ne irin wanda kowa ya sani a ƙasar: ba takarda, ba shaida, sai dai in an yi girbi mai aro ya kawo dami ɗaya ko biyu ƙofar gida don a san an tuna. Fadamar kuwa ba ta ɓuya. Tsamiya a gabas, tsohuwar rijiya a kudu, jerin gamba a sauran ɓangarorin, kuma ko makahon garin ya san ta gidan Nagode ce.

Damina ta biyu ce masu rubuta wa kwamfuta sunayen masu gonaki suka iso. Mota ta tsaya a bakin hanya, wani Bature ya zauna ciki yana fifita da hula, wani saurayi mai suna Audu ya sauko da takardu a kan allo. Ya tarar da Jibo sunkuye yana noma shi da manyan 'ya'yansa, Ummaru kuma ya zo gaishe su, yana tsaye a inuwar tsamiya. Maƙwabtan gona suka ajiye fartanya suka matso kallo.

"Wa ke da gonar nan?" in ji Audu.

Jibo ya miƙe a hankali. Mutum ne da a da ake zuwa aron iri a rumbunsa, yau ga shi gaban baƙi da gaban 'ya'yansa za a sa shi ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da ko taku ɗaya na ƙasar noma. Ya dubi ƙasa. Ummaru ya ga kunyar da ta rufe amininsa, sai zuciyarsa ta karye.

"Tashi ta," in ji Ummaru, yana nuna Jibo.

"Haba, Ummaru," in ji Jibo, murya ƙasa-ƙasa.

"Rubuta, malam. Ni da shi duk guda muke."

Babu wanda ya ji wani abu a maganar. Haka ake yi. In baƙo ya sauka ana ce masa gidanka ne, kuma ba a taɓa jin baƙon da ya tashi da safe ya sayar da gidan ba. Maƙwabta suka gyaɗa kai, suka ce Ummaru ɗan halak ne. Audu ya rubuta, ya kama babban yatsan Jibo ya danna a tawada, motar ta yi gaba.

Taiba, matar Ummaru, ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Da ya ba ta labari yana jin daɗin kansa, ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, maganar baki daban ta, ta takarda daban."

"Ke dai ba ki san kwamfuta ba," in ji shi. "Wanga rubutu na wanda ka noma bana na. Mai gona kuwa ta riga ta san shi."

Da rani manyan motocin baje ƙasa suka shigo. A yini biyu suka tumɓuke tsamiyar, suka cike rijiyar, suka shafe gamba, suka mayar da fadamun gari guda fili ɗaya shimfiɗe kamar faifai. Tsofaffi suka tsaya a bakin hanya suna nuna wa juna inda suke zaton gonakinsu suke, kowa na nuna wuri daban. Aka ce kowa ya dakata da noma sai an gama. Jibo ya kwashe iyalinsa ya koma tudun Maradun, Ummaru ya ci gaba da lallaɓa gonar tudu, wadda ba ta kai su ko watan azumi. Damina uku aka yi haka. Taiba ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, shi kuma duk Talata yana rumfar Bube yana ce wa mutane su yi haƙuri, gaskiya na nan tafe a takarda.

Ta kuwa zo. Aka manna ta a bangon ofishin rabon gona a Talata Mafara, wata doguwar takarda mai huji-huji a gefe, an jera sunaye kamar tururuwa. Bube ne ya karanta masa, da yake ya ɗan taɓa boko. Ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi. Ga sunan Jibo, da lambar fili, kadada biyu a bakin babbar hanyar ruwa. Na Ummaru Nagode babu shi ko a gefe.

Bube, wanda bakinsa ba ya shiru, ran nan bai yi tsokana ba.

Ummaru ya koma ofishin washegari da Malam Abdulwahabu da dattawa huɗu. Suka tarar da Audu, ya ƙara ƙiba, an ba shi tebur. Ya gane Ummaru, ya gaishe su da ladabi, ya saurari Malam har ya kai aya. Malam ya ce ga su nan shaidu biyar, kuma in ana son hamsin za a kawo kafin azahar.

"Allah gafarta Malam, ban ƙi ta taku ba," in ji Audu. "Amma takardar ba ta da gurbin shaida. Gurbi ɗaya ne: mai gona. Abin da aka faɗa mini na rubuta, aka huda kati da shi, aka saka mata. Ba ta san aro ba."

"To hoton jirgi hwa?" in ji Ummaru. "Tsamiyar babana?"

"Baba, hoto faɗin ƙasa yake nunawa. Ba ya nuna mai ita."

Ba abin da ya fi ci wa Ummaru rai irin yadda ya rasa wanda zai zaga. Injin bai yi ƙarya ba, yaron bai ci goro ba, bakinsa ne aka mayar masa ba ragi ba ƙari.

Audu ya ce akwai hanya ɗaya. In mai sunan ya zo da ƙafarsa ya danna yatsa cewa ba tasa ba ce, za a aika Kaduna a sake kati. Sai dai a hanzarta, don mutanen kamfanin ƙarshen wata za su tattara su tafi, kuma bayansu babu wanda ya iya taɓa abin da ke ciki.

Nan take Ummaru ya ji sanyi. Ashe abin mai sauƙi ne, Jibo ne fa. Ya ma yi mamakin da bai riga ya zo da kansa ba, ya ce wataƙila labari bai kai tudu ba.

Labari ya kai. Da ya je tudun Maradun, ya gane haka tun daga ƙofar gidan Jibo, don ya tarar da sabbin fartanya uku jingine a zaure, da buhun irin alkama wanda ake ba waɗanda sunansu ya fito. Jibo ya fito, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Suka zauna a tabarma suka shiga gaisuwa: lahiyar gida, lahiyar iyali, ya gajiya, ya zahi, ya takwaran Ummaru, ya Taiba da ƙahwarta. Suka gama suka sake ɗaukowa daga farko. Aka kawo ruwa a kwanon sha, ba fura, kuma daga cikin gida ana jin tarin wata yarinya wanda ba ya tsayawa. Ummaru ya ƙirga rumbuna uku a tsakar gidan, duk a buɗe, kaji na shiga suna fita.

Ya zo da maganarsa a shirye tun daga Birnin Tudu, amma ta ƙi fitowa. Yaya zai ce wa mutum ba ni abina, a zaurensa, yana jin wannan tarin? Jira yake Jibo ya fara, kamar yadda ya kamata. Kalma ɗaya ta isa, su tashi su kama hanyar Mafara.

Jibo ya daɗe yana murza bakin tabarma. Bai ɗago ba ya ce, "Na ji sunanka bai hito ba."

"Bai hito ba."

"Abin bai yi daɗi ba. Wallahi bai yi daɗi ba." "Ni ban roƙi kowa ba, Ummaru. Injin na yab ba ni. An ce kuma abin da tar rubuta ba ya gogewa."

"An ce shina gogewa, in mai suna ya so."

Tarin ya sake tashi a cikin gida. Jibo ya juya kai wajen, ya daɗe, sannan ya dawo da idonsa kan tabarma. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Ka ga yadda muke," in ji shi. "Amma ba ni barin ka hakanan, kai ma ka sani. Gonar tana da hwaɗi. In kana so, sai in ara maka gehe guda bana."

Ummaru ya dubi mutumin da suka yi shekara talatin suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa, sai baƙin ciki. Ya tuna gonar tudu, ya tuna turken awakin Taiba da babu ko ɗaya a kai. Yana da baki bakwai shi ma.

"Na gode," in ji shi. "Allah shi saka da alheri."

Jibo ya raka shi har bakin hanya yana riƙe masa keke, suka yi sallama ba wanda ya dubi idon wani.

La'asar sakaliya ya iso gida. Taiba na tsakar gida tana tankaɗe, ta ga shigowarsa ta miƙe da rariya a hannu, gari na zuba a ƙafarta.

"Yaya, Malam? Yaushe za ku ofis ɗin?"

Ya jingine keken a bango, ya daɗe yana gyara tsayuwarsa kamar zai faɗi.

"Ki nemo min tsohuwar fartanyata," in ji shi. "Jibo ya yi muna kirki. Ya ba mu aron gona."