Bindigar da Ta Sha Mai

Ƙugiyar sabuwar na'urar awon nauyin kunama ta kama kunamar bindigar, ta ja a hankali har ta yi ƙas. Lamba ta fito a allo: kilo biyu da rabi.

"Sake, Baba Saje," in ji Madam Adjovi, shugabar ɗakin binciken makamai.

Saje Hounkpatin ya sake ɗanawa. Lambar ba ta motsa ba.

"To, ƙarya ta ƙare," ta ce. "Kunama mai nauyi haka sai an ja ta da niyya."

Bindigar ta Zinsou ce, wani manomin abarba daga garin Allada, wanda ke tsare kan mutuwar ɗan'uwansa Sagbo, wanda aka haife su tagwaye. Ya rantse cewa miƙa masa ita kawai ya yi a bakin gona, yatsansa ya ɗan goge kunamar, ta tashi. Yanzu ga na'ura ta ƙaryata shi a gaban Kwamishinan 'yan sanda, wanda ya zo ganin aikinta na farko.

Kwamishina ya duƙa yana kallo. "Dubi yadda take sheƙi. Mai kula da bindiga haka ba ya kuskure da ita."

Saje ya sake duban bindigar.

Jiya da aka kawo ta, tsatsa da jar ƙasa sun cinye ta. Shi kuwa tsohon soja ne, a bariki ya yi furfura, inda bindiga mai datti abin duka ce. A ɗora wannan ƙazanta a kan na'urar da ko ledarta ba a gama ɓarewa ba, a gaban manya? Hali zanen dutse. Ya kwance ta, ya goge, ya ba ta mai. Har wani dunƙulen busasshiyar ƙasa ya faɗo daga inda kunamar ke maƙalewa, ya ce a ransa, ai dole ta ƙi kamawa da kyau. Ya share da tsumma, ya tafi gida yana jin daɗin kansa. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma sai yanzu ya gane: da ƙasar nan a ciki, ɗan gogawa ma ya isa bindigar ta tashi.

Ya ce zai sha iska, ya fita. A gindin mangwaro ya tarar da uwar tagwayen, ta soke ɗan gunkin Sagbo, irin wanda ake sassaƙawa a madadin ɗan tagwayen da ya mutu, a ƙugun zaninta, tana shafa masa manja a baki.

"Baba soja, sannu da aiki," ta ce. "An ce injin Turawan ba ya ƙarya. Ya faɗa musu?"

Kunya ta hana shi ɗaga ido. Ya sa hannu a aljihu, ya ji tsumman jiya yana nan, da tsakuwar ƙasa a cikinsa. In ya yi shiru ba mai sani, ritayarsa ta kusa. Zinsou kuma zai tsufa a kurkuku.

Da ya koma, Madam Adjovi ta riga ta cire murfin biro.

"Baba, ina ka shige? Ko injin ya ba ka tsoro ne?" in ji Kwamishina, yana dariya.

Saje ya shimfiɗa baƙin tsumman a kan farin teburin, ya ƙame.

"Madam, dakata da sa hannu. Ba bindigar Zinsou na'urar ta auna ba. Tawa ta auna."