Kwaɓin da Jelani Ya Tsinka

Tun da Muhsina ta leƙa kwalbarta a ɗakin gwaje-gwaje ta san an taɓa mata kwaɓi. Jiya ta bar shi da kauri kamar zuma, yau ga shi tsululu.

Aikin digirinta na biyu ke nan, zare mai ɗaukar lantarki da za a iya saƙawa cikin tufa. Roba take narkarwa ta cuɗa da baƙin garin kabon, wani inji ya turo kwaɓin ta bakin allura ya fito zare. Idan kaurin ya yi yawa sai allura ta toshe. Idan kuma ya tsinke, garin ya kwanta a gindin kwalba, zaren ya fito da ƙulle-ƙulle, wuta ba ta bin sa. Watanni ta yi tana tashi daga gidansu a Ƙofar Kware da sassafe kafin ta samu daidai, kuma ranar nan malaman sashe za su zo gani.

Jelani, abokin karatunta da suke raba injin, yana gefe yana goge tebur.

"Wa at taɓa kwaɓin ga?"

Ya ce shi ne. Wai ya ga allura na wahala, sai ya ƙara sinadarin narkarwa don zaren ya fito da sauri, taimakonta ya yi.

"Na roƙe ka? Ko kunun gidanku ne da za ka ƙara ma ruwa?"

Ba ta rufe baki ba malamai suka shigo. Dole ta ja zaren a gabansu, ta haɗa shi da batir da ɗan ƙwan fitila. Ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba. Babban malaminsu ya murza zaren ya gutsure, ya ce da alama ba ta fahimci aikin ba tukuna. Ta juya tana jiran Jelani ya buɗe baki. Ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi ƙona mata rai.

Da suka fita ya biyo ta yana ba ta haƙuri. Ta ce ya kai haƙurin ofishin malam, can ake bukatarsa. Sai da mako ya zagayo ya je ya faɗi gaskiya, aka sake ba ta rana. Ta yi sabon kwaɓi, ta kulle shi a kabad ta tafi da makullin.