Ajin Tonon Silili

Tsohuwa na cikin goge wuyan rigar ɗanta Auta sai ga Mai Ɗinki ta yi sallama, ta shigo da fuskar nan tata ta zuwa gaisuwar mutuwa.

"Inna, ashe abin da ya faru ke nan? Wallahi sai jiya na ji."

"Me ya faru?"

"Maganar Auta mana. Ashe korarsa aka yi daga aiki? Har mota an sayar, mu muna nan muna cewa tana gareji. Allah ya musanya da mafi alheri."

Tsohuwa ba ta ɗaga kai daga guga ba. Ta ce amin, ta tambayi wanda ya kawo labari.

"'Yata ce. Ai ajinsu ɗaya da surukarki a wajen koyon Turancin nan."

Wata da watanni Tsohuwa na rufe wannan magana. Ita ta tsara komai: kullum da safe Auta ya sa riga mai guga, ya rataya jaka, ya gaisa da mutanen layi, ya je ya zauna a bayan shagon abokinsa mai gyaran waya har yamma. A layin nan ita ke zuwa wa mutane jaje, ba a zo mata ba. Yau ga Mai Ɗinki, wadda ko zare ba ta iya zurawa sai an kama mata, ta zauna mata a kujera tana girgiza kai.

Tana fita Tsohuwa ta kashe dutsen guga ta leƙa kicin.

"Ke, zo nan. Me kika je kika faɗa a makarantarku?"

Matar Auta ta goge hannu a zani. Asibiti na neman mai karɓar baƙi, sai an ci jarrabawar Turanci, kuma yanzu duk gidan a kan wannan aikin suka sa ido.

"Inna, darasi ne. Mun zo kan abin da aka riga aka yi wa mutum. A Turanci kalmar sai ta canza kama. Sai ki haɗa ta da ni, ko shi, ko mu, ki ƙara mata yadda aka yi: a ɓoye, ko a wulaƙance, ko ba zato."

"To, sai aka yi yaya?"

"Malam ya ce ba ya son misalin littafi, wai an fasa kofi, an rufe taga. Ya ce abin da ya ci mutum a rai shi ke zama a kai."

"Ke kuma me ya ci ki a rai?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ce an kore shi ba zato. An sayar da motarmu a ɓoye. An bar mu a kunyace." Ta ɗago kai kaɗan. "Har tafi aka yi mini, Inna."

"Tafi."

"Na ɗauka tunda da Turanci ne…"

"Turancin da hanci ake jin sa? Ɗauko mayafinki. Yau sai na ga wannan malamin da idona."

Ajin yana saman wani kantin magani, matakala mai warin fitsarin kyanwa. Ɗaki ne guda, fanka na juya zafi, manya-manyan mutane sun takure a bencin yara. Malamin wani siriri ne da naktai ɗin da bai kai cibiya ba, baki duk murmushi.

"Mama, sannu da zuwa! Ke ma rajista za ki yi?"

"Magana gare ni."

"Bari mu gama zagaye, yanzun nan."

Ta zauna a bencin baya tana tanadin kalmomin da za ta wanke shi da su, ta ce wa surukar ta riƙa fassara mata a kunne.

Wani direba ya miƙe. Wai an ƙwace masa lasisi a gaban 'ya'yansa. Aka tafa. Wata mata mai goyo ta miƙe. Wai an sake ta ta waya.

"Madalla!" in ji malam. "Amma ina yadda aka yi? A fusace aka sake ki, ko cikin sanyi?"

Matar ta share ido ta ce cikin sanyi. Ya ce ba ta fitar da ƙarshen kalmar ba, ta sake. Ta sake. Ya ce ta ƙara. Tsohuwa ta kawar da kai. Tun da take ba ta taɓa ganin inda ake tuɓe wa mutum zani ana gyara masa tsayuwa ba sai yau.

Sai 'yar Mai Ɗinki ta miƙe daga gaba. Ba ta waiwayo ba, balle ta ga wanda ke baya. Ta faɗi nata da ƙarfi, irin na mai son tafi.

Matar Auta ta ƙi fassarawa.

"Me ta ce?"

"Inna…"

"Na ce me ta ce?"

"Wai an ɗaure yayanta tun bara. Wai su kuma an hana su faɗa."

Malam ya ce ta kawo kalmar ɗaurin ba daidai ba. Ya rubuta ta a allo, ya sa duk ajin suka maimaita da baki ɗaya: an ɗaure shi, an ɗaure shi, an ɗaure shi da daɗewa.

Tsohuwa ta lumshe ido. Yaron nan dai da uwarsa ta bi gida-gida tana cewa ya samu karatu a ƙasar waje. Tsohuwa da kanta ta ciro sabon bargonta daga ƙasan akwati ta bayar, saboda an ce can akwai sanyi.

"Mama, kin ce kina da magana?"

Ta dube shi, ta dubi surukarta da ta ƙanƙame biro kamar za a ƙwace. Jarrabawa ta kusa. In ta zage shi, wa zai ƙarasa koya wa surukar?

"Na zo ganin inda ake yi ne," ta ce. "Na gani."

Sai da suka sauko titi ta tofar da yawu a kwata.

"Za ki ci gaba da zuwa har ki ci jarrabawar nan. Amma daga yau kofi za a fasa, taga za a rufe. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Ki ce wa mijinki gobe ya yi barcinsa. Hannuna ya gaji da guga."

A bakin layi ta ce wa surukar ta wuce gida. Ita ta tsaya a ƙofar Mai Ɗinki, ta gyara mayafi, ta gyara fuska, ta yi sallama. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"A'a, Inna ce? Shigo, shigo. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Tsohuwa ta zauna a kujera, ta girgiza kai a hankali. "Tambaya ce ta kawo ni, 'yar nan. Bargon nan da na ba yaronki, ana barinsu su rufa da shi a can?"